Amsar Inna Kulu

Tun da Asusun Masu Ciwon Daji ya daina tura ma'aikata gida-gida, sai ya rataya wa kowane majinyaci 'yar na'ura a bango. Kullum da safe takan tambayi jiki, kuma wanda ya fi kuka da ciwo a unguwa, shi ake biya wa maganin wannan makon.

Balaraba ta durƙusa a bakin tabarmar mahaifiyarta.

"Inna, don girman Allah yau ki faɗi gaskiya. Jiya ko runtsawa ba ki yi ba."

"Ni Kulu, da furfurata, in kai ƙarar Ubangijina wurin ƙarfe?"

"Ba ƙara ba ce, Inna. In kika sake cewa da sauƙi, maganin ya wuce ki, kuma ba abin da ya rage mana na sayarwa."

Na'urar ta yi magana da muryar mace mai ladabi: "Inna Kulu, yaya jiki?"

Tsohuwar ta dafe ƙirji, ta buɗe baki. Sai ta bayan katanga suka jiyo maƙwabcinsu Malam Tanimu, mutumin da ko ranar da ya binne matarsa ba a ga hawayensa ba, yana rusa kuka gaban tasa na'urar, yana kiran sunayen 'ya'yansa ƙanana.

Balaraba ta damƙe hannun uwar tana girgiza kai.

Inna Kulu ta gyara lulluɓinta, ta dubi bango.

"Da sauƙi," in ji ta. "Alhamdu lillahi."