Kwamfutar Dakta Ta Sake Mutuwa

Ƙara uku kwamfutar ta yi, tit-tit-tit, allonta ya tsaya baƙi ƙirin. Karo na uku ke nan cikin wata biyu, kuma sai da Dakta ya bari shagon gyaran ya cika da mutane sannan ya dire ta a teburin ƙanwarsa.

"Auta, wai gyara kika koya ko ɓarna? Jibi fa zan miƙa babi na huɗu!"

Dakta dai ba dakta ba ne tukuna. Shekara shida ke nan yana rubuta kundin digirinsa na uku, amma tun shekarar farko aka raɗa masa sunan a gida, shi kuwa ya karɓe hannu bibbiyu. Mutum ne da ko ƙwan lantarki ya mutu sai ya kira a sauya masa, wai hannun masana ba na irin wannan aikin ba ne. Duk dangi sun san ba don tsohuwar kwamfutar nan ba da tuni ya gama.

Auta ta jawo kayan aikinta. Ta kife kwamfutar, mai nauyi kamar bulo, ta kwance murfin ƙasa. Ga ram nan guda biyu, siraran katunan da kwamfuta ke riƙe aikinta da su. Na saman ya ɗago kaɗan daga mazauninsa, kamar haƙori mai girgiɗi. Haka ta same shi wancan karon, haka ma karon farko.

Ta cire su duka. Ta goge bakinsu da robar goge fensir, ta hure ƙurar mazaunin. Ta sa ɗaya shi kaɗai ta kunna, kwamfutar ta tashi. Ta sauya da ɗayan, ta tashi. Ta musanya musu wuri, nan ma lafiya lau. Ta sa manhajar gwaji ta yi awa huɗu tana zagaye, ko kuskure ɗaya babu. Maƙallan gefe kuwa sun kama gam, har da ƙarar ƙas.

To me ke ɗago shi?

Dogo, abokin aikinta na teburin kusa, yana da amsa, don shi bai taɓa rasa amsa ba. "Hannun lalle ai ba ya danna ram," ya ce, ya dubi masu jira don su taya shi dariya. Suka kuwa taya shi. Gwanin banza, wanda makon jiya ya ƙona cajar mutane biyu.

Oga mai shagon bai yi dariya ba, wanda ya fi dariyar muni. "In kayan gidanku ma sun gagare ki, wa zai ba ki na waje? Ta sake dawowa, ki bar min teburin nan ki koma kantar sayar da caja."

Shekara uku ta yi tana share shagon nan da miƙa kayan aiki kafin a ba ta teburin. Ranta ya ɓaci, kuma tsoro ya kama ta sosai.

Zarginta ya faɗa kan Dogo. Wancan karon shi ya saka kwamfutar a jaka, ita tana waya. Don haka yau ko ƙurarta ba ta bari ya taɓa ba. Ta jijjiga ta, ta bar ta ta yi zafi, ta saɓa ta a jaka ta hau bene ta sauko sau biyar, sannan ta sake leƙawa. Ram na nan zaune daram.

Da ta zo rufewa sai notin murfin suka ƙi ɗauruwa. Kawunansu sun cinye sun yi sumul, sai ka ce an kwance su sau hamsin. Ta yi tsaki, ta tsine wa ƙarfen banza, ta zubar da su. Ta lalubo wasu guda huɗu masu kan tauraro a kwalin matattun kwamfutoci, ta ɗaure tamau.

Dakta ya zo da yamma ya karɓa, bai ce sannu ba. "In na rasa wa'adin nan, ke za ki yi wa Mama bayani."

Jibi ta zo ta wuce. Mako ya cika. Duk mai jakar da ya shigo shagon sai gaban Auta ya faɗi, amma kwamfutar ba ta dawo ba. Dogo ya shiga taitayinsa, Oga ma har ya fara amsa gaisuwarta.

Ranar hutu ta kasa haƙuri, ta je gidan yayan nata ta gani da idonta. Ba ya nan. Kwamfutar na kan tebur a falo, a kunne, tana aiki tsaf kamar sabuwa.

"Ita kam lafiyarta ƙalau," in ji matarsa. "Shi ne dai ba lafiya ba. Malaminsa sai kira yake, ya ƙi ɗauka. Ko abinci ba ya ci, sai faɗa da yara."

"To ya miƙa babin, Anti?"

"Oho masa. Ni me na sani a harkar boko mai zurfi?"

Ta rako Auta har bakin ƙofa, sannan ta dafa kafaɗarta, baiwar Allah, da zuciya ɗaya.

"Af, na kusa mantawa. Don Allah ki taimaki yayanki da sukundireba mai bakin tauraro, kunyar tambayarki yake ji. Ɗan ƙaramin nan da yake buɗe bayan kwamfutar da shi duk ranar da malaminsa ya kira, tun da kika gyara ta ya ƙi shiga."