Lungun da Goni Ya Bari

Shekara talatin da ɗaya Iya Meram ta yi tana sayar da bandar kifi a shago na huɗu, a rukunin shagunan Alhaji Goni da ke Gashua. Da can wurin sito ne, inda ake tara gyaɗa da fatu kafin a kai su tashar jirgin ƙasa ta Nguru. Da harkar gyaɗa ta mutu, Goni ya yanka shi shaguna goma sha biyu, amma ya bar wani lungu a tsakiya, faɗinsa bai fi taku huɗu ba. Ko tabarma ba ya yarda a shimfiɗa a ciki. Hanyar ruwa ce. In damina ta yi ƙarfi, ta nan duk ruwan unguwar baya yake bi ya gangara fadama.

Da Goni ya rasu, ɗansa Munzali ya gaji wurin, ya tashi gyara. Gaskiya gyara ya yi kyau: sabon kwano, tayil, ƙofofin gilashi. Meram ta yi ta sa masa albarka, har ranar da ta ga magina suna jera bulo a bakin lungun.

"Munzali, me za a yi a nan?"

"Shago biyu, Iya. Fili yana zaune a banza, sai awaki ke kwana a ciki."

"Ba a banza yake ba, ɗana. Da idona na ga shekarar da ruwa ya kai wa mahaifinka gwiwa a lungun nan."

Munzali ya yi dariya. "Iya ke nan! Yaushe rabon da a yi irin wannan ruwan? Ai za a sa bututu a ƙasa."

Bututun kuwa bai fi kaurin taɓarya ba. Ran Meram ya ɓaci, amma ta koma shagonta, tunda ita 'yar haya ce.

Cikin watan Agusta, wata Laraba bayan azahar, sama ta ɓarke. A satin Meram ta cika shagonta da kwandunan banda. Leda ta toshe bututun, ruwa ya taru a bayan gini ya rasa mafita. Bangon baya tsohon ginin ƙasa ne, fenti kawai aka shafa masa. Ya jiƙa, ya rufto cikin shagon Meram tana ƙoƙarin ɗaga kwando.

An zaro ta da rai, amma ƙafarta ta karye wuri biyu, kifinta kuma yana yawo a kan titi. Shaguna shida suka zube. Sababbin biyun nan ko tsagewa ba su yi ba.

Munzali ya je asibiti, ya durƙusa a gefen gadonta. "Iya, ki yi haƙuri. Ƙaddara ce."

Ta dube shi ta ce, "Ruwan dai Allah ne ya saukar, ɗana. Bulon kuwa kai ka sa aka jera."

Meram ba ta sake komawa kasuwa ba. Da sanda take zuwa ko bakin ƙofar gidanta.

Jama'a, ruwa ba ya manta hanyarsa. Kafin ku toshe abin da na gaba suka bari a buɗe, ku tambayi dalili, domin sau da yawa ba wanda ya toshe ne ruwan ke ci ba, maƙwabcinsa ne.