Damin Nomau

Ina aji huɗu a Gozaki ajinmu ya fara yoyo, sai Malam ya ba ni wata tsohuwar taswira in ajiye masa a gida. Ta yi ja, tana warin kananzir.

Na iske Kaka tana sheƙar dawa a gindin rumbu, na shimfiɗa mata ina taƙama.

"Kaka, ga teku. Waɗannan gidajen dutse na Turawa ne. Malam ya ce nan ake tara bayi kafin a zuba su a jirgi."

Ta ajiye ƙwarya, ta ɗora yatsa kan wani gida mai bindigogi.

"Ashe nan suka kai Nomau, wan kakana. A gona mahara suka ɗauke shi."

Kowace shekara Kaka takan ware dami ɗaya ta hana a taɓa. Mu yara har gudunsa muke.

"Damin nan ba na iskoki ba ne?"

"Nasa ne, ɗan nan. Yaro ne, ko abincin rana bai ci ba suka tafi da shi."

Yau ni ke noma gonar. Har yanzu na kasa kai damin nan kasuwa.