Gwangwani a Iyakar Gona

Baba ya yi shekaru yana gyaran filin wasan golf a Kano kafin ya dawo gida Bagwai. Wata rana da la'asar, bayan an cire gyaɗa, ya ce zai koya mini wasan, wato buga ƙwallo da sanda har ya faɗa rami. Ya sa ni binne gwangwanin tumatir a matsayin ramin, a bayan suri, dab da gonar wansa, Baba Sule, wanda suka shekara ba sa magana.

"Ramin nan zai fi daɗi," in ji Baba. "Wanda ya buga kai tsaye suri zai tare shi, dole ya zagaya."

Ina cikin danne ƙasa sai ga Baba Sule riƙe da fartanya.

"Me kuke binne mini a iyaka?"

Na san asiri yake zargi. Ya ture ni, ya tono gwangwanin, ya leƙa, ya shinshina. Ba komai sai tsatsa.

Baba ya miƙa masa sanda da ƙwallon goruba. "Yaya, jefa shi ciki da bugu uku."

Ya daɗe yana kallon sandar, bai karɓa ba. Sannan ya matsar da gwangwanin taku ɗaya cikin gonarmu, ya binne da hannunsa, ya tafi. Har yau ban san ko sulhu ne ba.