Injunan da Suka Ɓace Ranar Talata

A duk faɗin birnin Adelaide ban san wanda ake zalunta kamar ni ba. Yau Juma'a, kek ɗin lamington da abokin aikina Stavros ya kawo ofis babu jam, zaƙin nan na 'ya'yan itace, a tsakiyarsa, kwakwar da aka barbaɗa masa kuwa ana iya ƙirga ta. Mutum ya kusa kashe maka suna, a yanke masa hukunci, sannan ya zo yana rowar kwakwa! Kuma ni ake yi wa, Gavin Treloar, mai shekara hamsin da uku, wanda har gobe ake rantsuwa bai wuce arba'in ba.

Dokar ofishinmu tsohuwa ce. Wanda ya ɓata aiki shi ke kawo kek a shayin ƙarfe goma, kowa ya ci yana kallonsa. Shekarata goma sha huɗu a wurin, ban taɓa kawowa ba. Ba ni da digiri, ba ni da muƙami. Wannan sunan kaɗai nake taƙama da shi.

Aikinmu kula da ban-ruwan gonakin inabi. Injunan da ke juya famfunan ba a ofis suke ba, kwamfutoci ne da muke haya ta intanet, abin da ake kira gajimare, a shiyyar Sydney. Daga baƙin allon kwamfuta muke ba su umarni, rubutu zalla. In ka rubuta umarni sai ka ƙara sunan shiyya a ƙarshe. In ba ka ƙara ba, kwamfutar ta leƙa shiyyar da aka ajiye mata a wani ɗan fayil. Ni ban taɓa ƙarawa ba, don Sydney ce a fayil ɗina. Stavros kuwa wa'azi yake yi a kai.

"Gav, tsoho, ka riƙa rubuta shiyya mana," ya ce da ni a taro, gaban kowa. "Kalma ɗaya ce, ba za ta karya maka yatsa ba. Ko sai an karo maka tabarau?"

Aka kwashe da dariya, har da Bronwyn, shugabarmu. Ni ma na yi murmushi, don ni ba mai riƙo ba ne. Wai mutumin da zai tafi shan kofi ya bar kwamfutarsa a buɗe rabin awa, shi zai koya mini taka-tsantsan.

Bayan mako uku batirin kwamfutata ya kumbura. Aka tafi da ita gyara, aka ciro mini wata daga kabad. Washegari, Talata, manoma bakwai daga yankin Barossa za su zo ƙarfe sha ɗaya in nuna musu sabon tsari. Stavros yana wurin likitan haƙori. Saura minti arba'in su iso na rubuta umarnin jera injunana. Allon ya dawo wayam. Na sake. Wayam. Injuna goma sha biyu, aikin wata huɗu, ko ƙurarsu babu.

Ihun da na yi sai da ya fito da Bronwyn daga ofishinta.

"An goge su, Bron! Kuma duk wanda ya yi, kek ɗaya ba zai wanke shi ba. Kowace Juma'a har Kirsimeti, na gida, ba na kanti ba!"

"Na yarda. Za ka iya tayar da wasu kafin su iso?"

Tambaya ce ta raini, amma na haƙura. Cikin minti ashirin da biyar na gina sababbi goma sha biyu. Ban san wani a kudancin ƙasar nan da zai iya haka ba.

Manoma suka zauna. Na ba da umarnin buɗe famfon gwaji. Muka jira. Na sake bayarwa, muka sake jira. Wani dattijo mai jan wuya ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Aboki, da a ƙafa na tafi buɗe famfon nan, da yanzu na dawo har na sha giya."

Ana haka Stavros ya shigo da kumburin kumatu. Ya leƙa ta kafaɗata, ya miƙa hannu, ya maimaita umarnina, ya ƙara kalma ɗaya a ƙarshe. Tsofaffin injunana goma sha biyu suka jeru a allo, lafiya ƙalau.

"Suna Sydney inda ka bar su," ya ce, bakinsa a karkace. "Kai ne ka tafi Ireland, tsoho. Har ka yi gini a can."

Da na ji sunan ƙasar sai da na nemi kujera.

Bayan manoma sun tafi Bronwyn ta buɗe ɗan fayil ɗin. Ireland ce a rubuce. Ta kifa kwamfutar ta karanta lambar da ke gindinta. Tsohuwar Stavros ce, wadda ya mayar kabad makon jiya da aka ba shi sabuwa.

"Ni ko buɗe fayil ɗin nan ban taɓa yi ba!" in ji shi. "Me zan yi da shi, ni da kullum nake rubuta shiyya?"

"Kwamfutar wa ce, Stav?" in ji Bronwyn.

Ya dube ta, ya dube ni. Na dafa kafaɗarsa a hankali.

"Ni dai na yafe, mutumina. Amma doka doka ce."

Gaskiya ban yafe ba, kuma ba zan yafe ba. Na ɗauka wa'azinsa na baki ne, irin na kowa. Mako uku ina zaune gefensa ina jira ya manta sau ɗaya tak, ashe mugun da gaske yake, kowane umarni sai ya rubuta shiyya. Da ya yi sakaci kamar ɗan Adam, da Ireland ɗin da na rubuta masa a fayil ɗin ranar da ya tafi shan kofi shi ta kama, ba ni ba.