Ruwan Mai Godiya

Shekara uku ke nan da aka damƙa wa na'urar da muke kira Ma'auni rabon ruwan dam ɗinmu. Shi ke auna kason manoma da makiyaya da masunta, wai don kada a danne kowa. Kowace safiya yakan gaishe mu ta 'yar lasifikar da ke jikin famfon gona.

Albasata ta fara yin rawaya, ta maƙwabcina Jatau kuwa koriya shar. Na tsare shi a bakin iyaka.

"Jatau, wa ka sani a ofishin ruwa?"

"Ai babu mutum a ofishin nan, Malam Barau. In Ma'auni ya tambaye ka gona, me kake cewa?"

"Me zan ce? Alhamdu lillahi."

Ya kawar da kai. "Ni kuka nake masa kullum. Wanda ya gode, ɗauka yake ya wadatu, sai ya rage nasa ya ƙara wa mai ƙorafi."

"To, ruwan wa ke gonarka?"

Ya juya ya koma cikin albasarsa.

Washegari na tsaya gaban famfon da ƙorafin da na shirya tun daga gida. Shekarata sittin da biyu, ban taɓa amsa gaisuwa da kuka ba.

"Ina kwana, Malam Barau? Yaya gona?"

Muryar cike da ladabi, kamar ta suruki. Kafin in ankara, bakina ya riga ni.

"Lafiya lau, sai godiya."

"Madalla," in ji shi.

Ina tsaye ruwana ya sirance, na ji famfon Jatau ya ƙara ƙarfi.