Maɗaurin da Aka Bari Cikin Leda

Tunda ka ce maimaici ya gundure ka, zauna ka ji abin da ya sami wani likita.

A wata makarantar horar da likitocin soja an yi wani matashi mai kaifin ƙwaƙwalwa, wanda bai taɓa zuwa na biyu a jarrabawa ba. Malaman wurin sun daɗe suna bin waɗanda suka dawo daga fagen daga da tambayoyi, har suka gano cewa da yawa daga cikin sojan da aka rasa ba ƙarancin ilimin likita ne ya kashe su ba, jini ne ke ƙare musu kafin a ɗaure raunin. Sai suka ɗauko wani tsohon saje mai ɗingishi ya koya wa ɗalibai aiki da maɗaurin tsayar da jini. Saje kuwa ba ya wasa. Ya shafe musu hannu da man ja, ya sa a yi ta dukan garwa a kansu, su ɗaure cinyar mutum-mutumin roba sau hamsin kafin karin kumallo. Maganarsa kullum ɗaya ce: ranar da aka ba ka maɗauri, a ranar za ka yage ledarsa, ka zura bakinsa cikin zobensa, ka rataye shi a ƙirji. Matashin nan ya ga abin raini ne, shi da ya haddace jijiyoyin jiki kamar Fatiha. Ya riƙa zillewa da sunan zuwa ɗakin karatu. Da aka ba shi nasa maɗaurin, ya tuna ƙa'idar asibiti cewa ba a buɗe kayan aiki sai an zo amfani da su, ya adana shi a ƙasan jaka cikin ledarsa, fes da shi.

Wata huɗu da tura shi daji, wata rana da azahar, motar da ke gabansu ta taka nakiya. Ya duro, harsasai na wucewa ta kansa, ya ja ciki har inda direban motar yake kwance. Direban nan ne ya raba masa ƙosai da safe. Jini na tsartuwa daga cinyarsa, yana tafiya tare da bugun zuciya. Likita ya san sunan jijiyar, ya kuma san abin da ya rage wa mutumin bai wuce minti uku ba. Ya danne wurin da gwiwa, ya zazzage jaka a ƙasa, ya lalubo maɗaurin. Leda ta ƙi yaguwa. Yatsunsa sun yi santsi da jini, ya ja ta sulluɓe, ya sake ja ta faɗa cikin yashi. Ya sa haƙori, ya nemi almakashi, almakashin ma yana cikin tasa ledar. Direban yana kallonsa, bai yi ihu ba, cewa ya yi, “Yallaɓai, yi a hankali, ina nan.” Da ƙyar leda ta buɗe, sai ga maɗauri a naɗe yadda ya fito daga kamfani, likita yana neman inda ake zurawa. Ya zura, ya murɗa, ya sake murɗawa, jini ya tsaya. Ya ɗago kai zai ce masa an gama, sai ya ga idanun direban sun kafe. Ashe ba maɗaurin ne ya tsayar da jinin ba.

Abin tausayin, duk karatunsa daidai yake, ko kalma ɗaya bai manta ba. Abin da ya ci ran direban nan aikin minti ɗaya ne da ya kamata a ce an gama shi tun a bariki, a inuwa, hankali kwance. Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.